Gemun Dakta Nuhu Zai Tafi Holan

Dakta Nuhu ya daɗe da sanin cewa a duk sashensu na jami'a babu mai ɗaukar aikinsa da muhimmanci, kuma ya yafe musu tun ba su nema ba. Abokan karatunsa wasu sun bi sauro, wasu sun bi ƙudan tsando, yanzu duk farfesoshi ne masu tumbi da direba. Shi kuwa Allah ya haɗa jininsa da gizo-gizo. Ba ma gizo-gizon gaba ɗaya ba, gwiwarsa kawai.

A gwiwar tautau, irin manyan nan masu kwana a bayan ganyen ayaba, akwai wasu 'yan tsagogi da ido ba ya gani. Da su yake jin motsi. In kyankyaso ya taka ganye a can gefe, tsagar ta ɗan matse, sai ƙwayoyin jijiyar da ke ƙarƙashinta su kai labari. Abin da ya ɗauke hankalin Nuhu shi ne abin da ke faruwa a cikin ƙwayar. Duk sanda ta harba saƙo, sinadarin kalsiyam na kwararowa cikinta daga waje, kuma in ka riga ka ɗura mata wani rini, za ka ga ta yi haske kore shar a maikiroskop. In aka yi ta taɓa tsagar ba hutu, kalsiyam ya taru, sai ƙwayar ta rage ji da kanta.

"Ba wai an daina taɓa ta ba ne," yakan gaya wa ɗalibai. "Sabawa ta yi."

Su rubuta, sannan wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Matarsa Hajara, Maman Jamila, ta yanke hukunci tun suna da ƙuruciya: a gidanta na Makera, ko ita ko tautau. Don haka tautau suka koma Kamazou, baskwatar bayan gidan Dakta Ernest, inda ake da sola da firji, da matar gida mai haƙuri, Christy, Maman Jessica. Ernest abokinsa ne tun ɗakin kwanan ɗalibai, tun suna raba kofin gari ɗaya. Rikice-rikicen da suka raba unguwannin Kaduna suka raba abokai ba su raba su ba. Tare suka riƙa zuwa gonakin bayan Gonin Gora da kwalabe suna kamo dabbobin, mutane suna musu kallon masu haɗa tsafi.

Aikin ya rabu da kansa tun farko. Ernest ne baki, Nuhu ne hannu. Ernest ya iya Turancin da ke sa Bature ya gyara zama, shi ya roƙo musu maikiroskop ɗin, shi ke zuwa taro. Nuhu in ya tsaya gaban mutane sai harshensa ya naɗe, kuma bai yarda da jirgin sama ba. Amma ba shi ƙafar tautau. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a masaƙa yana ƙulla zaren da ya tsinke ba tare da an tsayar da inji ba, kuma wannan ne kaɗai gadon da ya bar masa. Zai sanyaya tautau da ƙanƙara, ya sa ya saki ƙafa ɗaya, ya buɗe gwiwar, ya ɗaga wani siririn tantani da ƙwayoyin jijiyar ke manne a jiki ba tare da ya yage ba. Kayan aikin wannan matakin na ƙarshe ba a sayar da su a ko'ina: tsinken tsire ne da ya manna wa farin gashi ɗaya daga gemunsa. Ya gwada gashin gira, ya gwada na wutsiyar akuya, babu wanda ya kai furfurar gemunsa laushi da tauri a lokaci guda. Hajara takan ce shi kaɗai ne mutumin da tsufa ya ƙara wa jari.

Ernest kuwa ko leƙa tiren aikin ba ya yi. Ya ce hannunsa na riƙe makirfo ne. Iyakarsa ya tsaya da waya yana ɗaukar bidiyon hannun Nuhu cikin safar roba, wai don a nuna a taro.

Shi ya sa Nuhu ya yi mamaki ranar da Ernest ya ja kujera ya zauna kusa da shi, bayan an sha ruwan farko na damina.

"Mutumina, koya mini abin nan."

"Wane abu?"

"Buɗe gwiwar nan. Mun girma fa. In Allah ya ɗauke ka gobe, a binne aikin tare da kai?"

"Ka riga ka shirya mini jana'iza ke nan."

"Haba, my brother. Ka gane abin da nake nufi."

Maganar gaskiya, Nuhu ya ji daɗi. Mutumin da ya shekara da shekaru ba a tambaye shi komai ba sai ko zai fito a jarrabawa, ga Dakta guda ya ce masa koya mini. A keke napep, hanyar komawa Makera, har ya tsinci kansa yana murmushi shi kaɗai. Duk Asabar ya riƙa zuwa da wuri, da ledar gyare ta abincin tautau a hannu ɗaya, da ƙosai a ɗayan. Ernest ya lalata ƙafafu da yawa, har Nuhu ya fara jin kunyar haɗa ido da masu ƙafafun. Amma a hankali ya iya sanyayawa, ya iya yankan, ya iya buɗewa. Saura ɗaga tantanin. Nuhu ya tsige gemunsa har gefe ɗaya ya yi sanƙo, ya haɗa wa ɗalibinsa tsinkaye masu kyau, ya ce Asabar mai zuwa za su gama.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya dawo gida, ya tarar Hajara ta shimfiɗa atamfa a kan kujera tana ja da baya tana kallo.

"Malam, ka ga ankon? Maman Jessica ta aiko. Namu atamfa, naku na maza yadi. Tela ya ce in ba a kai masa yau ba, babu ruwansa."

"Jessica za a aurar?"

"Wane irin aure, yarinya tana tsakiyar karatu? Na sendof ne mana, bikin sallama."

"Sendof ɗin wa?"

"Ka fara wasan nan naka."

Ya tsaya da hula a hannu. Ta kalle shi, ta sake kallonsa, sannan ta saki gefen atamfar.

"Wai da gaske ba ka sani ba? Holan za su tafi. Baban Jessica ya samu aiki a wata jami'a can. Malam, matan cocinsu sun sani. Mai kitsonta ta Trikania ta sani. Mai hayar kanofi ya sani."

"To ai su ba sa koya masa aiki."

Hajara ta ɗauko wayarta ta nemo bidiyon da Christy ta tura musu guruf ɗin mata. Tambarin wata jami'a ya fara fitowa, da rubutun maraba da sabon ma'aikaci. Sai ga tiren aiki, ga ƙafar tautau, ga hannu biyu cikin safar roba suna ɗaga tantani da tsinken tsire. Muryar Ernest tana bi da Turancin nan nasa mai santsi, yana cewa ku dubi yadda nake ɗagawa, wannan dabarar ta ɗauke ni shekaru. Ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe yake, tun ranar da ƙofar bas ta datse shi a Kakuri. Daga nan ƙwayar ta yi haske kore, aka ji tafi.

"Ni dai na gane hannun nan," in ji Hajara a hankali. "Shi ke ɓare mini tafarnuwa. Na ɗauka da saninka aka yi."

Nuhu ya sake kunna bidiyon. Abin haushi, aikin ya yi kyau. Bai taɓa ganin hannunsa daga waje ba. Ya zauna yana sha'awar kansa kamar baƙo, har Hajara ta karɓe wayar.

Da safe ya shiga keke zuwa Kamazou, da ledar gyare, ba ƙosai. A ƙofar gidan ana sauke kujerun roba daga a-kori-kura. Christy ta fito da ɗankwali a ɗaure, hannunta duk fulawa.

"Dakta! Sannu da zuwa. Yaya Maman Jamila? Anko ya isa? Ernest ya ce kai za ka yi jawabi a madadin abokan aiki, wai kai ka fi kowa saninsa."

"Haka ya ce?"

"Eh mana. Abeg kada ka ba da labarin garin nan da kuka riƙa sha, fasto zai zo." Ta yi dariya, ta share hannu a zani. "Sai maganar 'ya'yanku na baya. Mai hayar da zai shiga ya ce sai an yi feshi ko'ina kafin ya kawo kaya. Ernest ya ce kun gama magana."

"Yanzu za mu gama," in ji Nuhu.

Fuskarta babu komai sai gajiya da murna. Ita ma an ba ta nata labarin, wanda a cikinsa Dakta Nuhu mutumin kirki ne da ya sa albarka.

A baskwata kwalaye sun kai rabin bango. Maikiroskop ne kaɗai ba a naɗe ba, sai kwalaben tautau a kan kanta, kowanne ya lafe a jikin ɓawon icensa. Ernest yana zaune gaban tiren, ya riga ya buɗe gwiwa ɗaya yana jira, kamar yaron kirki da ya zo aji kafin malami. A saman kwali ɗaya akwai gwangwanin biskit a buɗe. Nuhu ya leƙa. Tsinkayensa ne duka, sababbi da tsofaffi, an jera su cikin auduga.

"Ashe gemuna zai tafi Holan," ya ce. "Ni ne dai ban samu biza ba."

Ernest bai juyo nan da nan ba.

"Christy ce?"

"Tela ne. Ya ce in ba a kai yau ba, babu ruwansa."

"Yau nake shirin gaya maka, wallahi. Bayan mun gama."

"Bayan. Ai ka iya jera abubuwa."

"Zauna, Nuhu. Ka saurare ni." Ernest ya cire tabarau ya murza ido. "Na nuna bidiyon a taro. Wata farfesa daga Holan ta biyo ni har wurin shan shayi. Ta ce ta daɗe tana neman mai irin wannan hannun, ɗalibanta duk yaga tantanin suke yi. Ta ce kujera ɗaya ce. Ɗaya! Me zan ce mata? In ce mai hannun yana Makera, ba ya shiga jirgi, in an ce ya yi magana sai ya kama tari?"

"Da ka faɗi haka, da ba ka yi ƙarya ko ɗaya ba."

"Da kuma kujerar ta wuce mu duka biyu. Wa ya kawo maikiroskop ɗin nan? Wa ya sa duniya ta san akwai tautau a Gonin Gora? In da kai kaɗai ne, har yau kana nuna wa ƙadangaru aikinka."

Wannan ma gaskiya ne, kuma Nuhu ya tsani yadda Ernest ke ƙarya da gaskiya.

"In na isa, na zauna, zan jawo ka. I swear."

"Yadda ka jawo sunana a takardar bara? Da fari Nuhu da Ernest ne. Ya koma Ernest da Nuhu. Bara na nemi kaina har sai da na kai shafin godiya, tsakanin mai gyaran sola da Christy."

"Kuskuren mujalla ne. Kuma ai ba ka ce komai ba."

"Ban ce ba."

Bai ce ba. Ranar farko ya ji zafi ya kwana da shi. Ta biyu ya ji kaɗan. Ta bara ya karanta ya yi hamma ya tafi masallaci. Ya kalli ƙafar da ke cikin tiren, ya ga bai kamata mutum ya shekara yana koyar da abu a allo ba tare da ya taɓa shafa jikinsa ba.

Ya ɗauki wayar Ernest daga kan tebur ya miƙa masa.

"Kira farfesar. Ba na son kujerar, ka riƙe. Ko an ba ni, jirgin ba zai gan ni ba. Ka gaya mata hannun wa ta gani, shi ke nan. In ka faɗa, yanzu zan nuna maka abin da ya rage, in haɗa maka da sauran gemun."

Ernest ya kalli wayar kamar an miƙo masa tautau.

"Ba ka san Turawa ba ne. In ta ji haka za ta ce na yaudare ta."

"To ai tana da hankali ke nan."

"Na sayar da mota. An samar wa Jessica makaranta a can. Gobe godiya a coci, jibi sendof. Ka bari in isa, Baban Jamila. Don Allah ka bari in isa tukuna."

Daga waje ana jin ƙarar kujeru, da muryar Christy tana faɗa da mai kanofi a kan inda zai kafa ƙarfe. Nuhu ya ajiye wayar inda ya ɗauke ta.

"To bismilla. Ga tire, ga tsinke. Dabarar da ta ɗauke ka shekaru, nuna mini."

Ernest ya zaɓi tsinke daga gwangwanin, ya sa ido a maikiroskop. Hoton yana fitowa a allon kwamfuta, don haka Nuhu yana ganin komai. Farin gashin ya shiga ƙarƙashin tantanin da kyau, ba laifi, ɗalibin ya yi ƙoƙari. Sai ya fara ɗagawa.

A nan ne kuskuren yake. Ba a ɗaga tantanin. Ɗigon ruwan gishiri ake sakawa a gefensa, a jira ruwan ya shiga ƙarƙashi ya taso da shi da kansa, gashin gemu hanya kawai yake nuna masa. A bidiyo ba a ganin ɗigon, don hannun hagu ne ke sakinsa daga bayan yatsan nan lanƙwasasshe. Jimla biyu ce, kuma ita Nuhu ya yi niyyar faɗa yau, har ya tanadi yadda zai faɗe ta da ɗan alfahari.

Hannunsa ya tashi da kansa zai tare na Ernest. Ba tausayin Ernest ba ne, tausayin ƙwayar ne, tana raye, tana jira. Ya kama hannun a hanya ya cusa shi aljihu, ya danne da ɗayan.

Tantanin ya miƙe, ya yi fari, ya yage.

"Me na yi ba daidai ba?" in ji Ernest, bai ɗago ba. "Nuhu. Mene ne?"

"Ka tambayi bidiyon."

Ya fita bakin titi ya tsayar da keke. Ya riƙa fito da kwalaben yana jerawa a kujerar baya, yana cusa tsumma a tsakaninsu. Mai keken ya leƙa, ya ja baya.

"Baba, waɗannan na magani ne?"

"Ma'aikata ne, an kore su daga aiki."

"In ɗaya ya fito, wallahi barin maka keken zan yi a kan titi."

"Ba sa cizon wanda bai yi musu alkawari ba. Mu je Makera."

Ernest ya biyo shi har ƙofa da gwangwanin biskit a hannu. Christy tana daga can tana ɗaga masa hannu, tana cewa a gaida Maman Jamila, kada a makara jibi.

"Ga kayanka," in ji Ernest ƙasa-ƙasa.

"Riƙe. Ranar farko za su so ganin kayan aiki."

Keken ya tashi. Har suka wuce Sabo Nuhu bai waiwaya ba, ba don jarumta ba, don ya rungume kwalabe ne da hannu biyu. A hanya ya yi lissafin abin da ya rage masa. Yana da tautau, yana da hannu, yana da rabin gemu. Maikiroskop da rini da sola za su hau jirgi ko su zauna a Kamazou. Hasken nan kore da ya ba rayuwarsa, ba shi da sauran inda zai sake ganinsa sai a wayar Hajara, da muryar wani a kai.

Hajara tana tsakar gida tana tsince shinkafa lokacin da ya shigo da kwalbar farko. Ta kalli abin da ke ciki, ta kalli fuskar mijinta. Ya tsaya yana jiran tsohon hukuncin.

"Ɗakin ajiya," ta ce. "Kuma in na ga ƙafa ɗaya a waje, gidanmu zan tafi."

Da ya gama jera su a kan kanta, sai ya ga hasken taga ya yi musu yawa, duk sun takure. Yana neman buhu, sai ga ta da yadin ankonsa. Ta warware shi ta lulluɓe kwalaben da hannu ɗaya, fuskarta a juye, tana karanto addu'ar neman tsari. Yadin mai kauri ne, Christy ba ta yi rowa ba.

Ranar sendof wayarsa ta yi ta ruri tun hantsi, sunan Ernest yana fitowa yana ɓacewa. Nuhu yana ɗakin ajiya yana jefa gyare cikin kwalabe. Ya zaci bayan kira kaɗan zai daina ji, kamar yadda ya saba. Bai daina ba. Kowane kira sai ya ji shi har cikin haƙori, ya kuma bar shi ya ƙare.

Hajara ta leƙo daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta sha atamfar, ɗinkin ya zauna mata.

"Ni dai zan je. Na riga na ɗinka, kuma Maman Jessica ba ta yi mini komai ba."

"Ki je. Ki taho mini da cincin."

"In fasto ya kira ka jawabi fa? Me zan ce?"

Nuhu ya rufe kwalba, ya gyara yadin a kan kwalaben.

"Za su nuna bidiyon ai?"

"An ce har majigi aka yi haya."

"To ki ce musu hannuna yana wurin, ya wakilce ni."